Yadda 'Yan'uwan Sahura Uku Suka Buɗe Giwa

To, ku gyara zama. Mai waya a hannu ya mayar da ita aljihu, domin wannan da na zo da ita yau ba ta dariya ba ce, kuma ba a ƙasar aljanu ta faru ba. A birnin nan ta faru, yau kwana biyar. In na kai ƙarshe zan yi tambaya, kuma ba wanda zai sha mini shayi ya kaɗe riga ya tafi bai ba ni amsa ba.

Kun san ni, shekara ashirin da bakwai na yi ina tuƙa motar cibiyar jini kafin gwiwa ta ce ta gaji. A can ƙuryar cibiyar akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar randa, a cikinsa kuma akwai babbar kwamfuta. Ba irin wannan ta cinya da 'ya'yanku suke rataye da ita ba. Wannan ta fi mutum tsayi, faɗinta ya kai kabad uku a jere, in tana aiki kuwa tun daga baranda kana jin gurnaninta. Ma'aikata suna ce mata Giwa. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ya ba da jini a garin nan cikin shekara talatin yana cikinta: sunansa, irin jininsa, da unguwarsu. Mutum wajen dubu ɗari biyu.

Mutum biyu ne suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kanta, Malam Isiyaku da matarsa Malama Saude. Shi yana kula da lafiyar na'urar, ita kuma ita ce akawun da ke shigar da sunaye. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sun bar 'ya'ya huɗu: Zubairu babba, sai Iliya, sai mace ɗaya Sahura, sai auta Sa'adu. Mazan nan uku duk sun bi sana'ar gida, amma kowa ya kama nasa ɓangaren.

Na'ura ba ta jin maganar mutum sai ta bakin manhaja, wato tsarin da ake ɗora mata don ka tambaye ta ta ba ka amsa. Manhajar da ke kan Giwa ta wani kamfanin ƙasar waje ce, aro aka yi da wa'adi. Shekara huɗu da suka wuce wa'adin ya cika, kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya tafi, manhajar ta kulle kanta. Sunaye suna nan a ciki daram, amma babu mai iya kiran ko ɗaya. Cibiya ta koma rubutu a littafi, manya suka ce za a duba lamarin. Kun dai san abin da ake nufi da "za a duba" a ofis.

Talatar da ta wuce, da hantsi, aka yi wa Sahura aiki aka ciro mata ɗa namiji. Shekararta tara da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Mijinta Mudi ɗan ƙanena ne, shi ya sa nake tsaye a wurin. Ba mu gama murna ba jini ya ɓalle mata. Da aka zo ƙara mata, sai aka ga abin da ba a gani ba a wajen awo: jininta ya ƙi kowane jini. Irin nan ne da sai a tara mutum dubu goma ba a sami ɗaya ba. Aka gwada Mudi, aka gwada Iliya da Sa'adu, aka gwada ni da tsufana, aka gwada maƙwabta da 'yan masallacinmu, mutum sittin da wani abu. Babu. Aka buɗe littattafan cibiya na shekara huɗu, nan ma babu.

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ja Mudi gefe. Ta ce, "Malam, na rage zubar, amma ban tsayar da ita ba. Dole in sake shiga da ita ɗakin tiyata, kuma ba zan taɓa ta ba sai da jini a hannuna. In aka kira magariba ba mu samu ba, ban san abin da zan ce maka ba."

Mudi ya jingina da bango. Sai Iliya ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, in akwai mai jinin nan a garin nan, yana cikin Giwa."

To, daga nan ku bi ni a hankali, ku riƙe abin da kowa ya yi.

Na fara da babba. Zubairu yana zaune a wani gari, tafiyar awa biyu daga nan. Mutum ne da dangi suka daɗe da sallama shi. An nema masa aikin gwamnati ya ƙi. Yana 'yan gyare-gyarensa na kwamfuta yana ci da iyalinsa, sauran lokacinsa duk yana ƙarewa a wani aiki da ba a biyan kowa ko sisi. Akwai wasu mutane warwatse a duniya, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, da suka haɗa kai suna rubuta manhaja suna barinta a buɗe. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara inda ya ga ɓaraka, ya mayar wa jama'a. Ranar da ya yi mini bayani na ce, "Ashe gayya ce." Ya ce, "Gayya ce, Baffa, sai dai gonar ta kowa ce." Na ce masa ni ban taɓa ganin gayyar da ba a ko kawo wa mutane kunu ba. Na faɗa, ba zan ɓoye muku ba, kuma yau ina jin kunyar maganar.

Shekara shida ya yi yana rubuta wani ɓangare na manhajar nan, wanda zai sa ta iya magana da tsofaffin manyan na'urori irin Giwa. Sau uku yana rubuto wa cibiya a bar shi ya gwada, sau uku ko amsa ba a ba shi ba. Da Iliya ya kira shi ya gaya masa halin da ake ciki, ya yi salati, ya ajiye wayar, ya buɗe kwamfutarsa. Ya san sabuwar fitowar manhajar ba za ta hau Giwa ba, ta yi mata nauyi, don haka ya tono wata tsohuwa ta shekarun baya. Da ya duba sai ya tarar da wani ƙulli a cikinta wanda in shi kaɗai ne zai kwana biyu bai kwance ba. Sai ya rubuta wa 'yan gayyar layi biyu: ƙanwata tana zubar da jini, awa bakwai gare ni.

Cikin rabin awa wata mata daga wata ƙasa mai ƙanƙara, wadda ya taɓa yin mako guda yana taya ta gyaran nata aikin, ta aiko da maganin ƙullin. Wani dattijo a wata ƙasar, mai irin na'urar a wurin aikinsa, ya ajiye abin da yake yi ya gwada, ya ce ta tashi. Ba Sahura suka sani ba. Zubairu suka sani, da shekara shidan da ya yi yana amsa kiran kowa. Giwa kuwa ba ta haɗe da intanet, sai an kai mata da hannu. Ya zuba manhajar a faifai, ya sa a aljihun gaba, ya kama hanya, ko hula bai ɗauka ba. Ana idar da azahar ya shigo cibiya.

Na biyu Iliya. Shi ya gaji kujerar mahaifinsu, kuma shekara huɗu ke nan yana kiwon na'urar da ba ta amfana wa kowa komai. Kowace Litinin sai ya tashe ta bisa tsarin da Malam Isiyaku ya koya masa: a fara kunna sanyi, a jira ɗaki ya ɗauka, a tayar da faya-fayan ajiya ɗaya bayan ɗaya, sannan a tayar da ƙwaƙwalwar. Ya bar ta ta yi awa biyu tana gurnani, ya kashe ta bi da bi, ya share ƙura, ya kulle ɗaki. Abokan aiki suna ce masa Makiyayi, suna tambayarsa yaushe Giwa za ta haihu. Sau biyu ana kawo 'yan gwangwan su saye ta a kilo, sau biyu yana tsayawa a bakin ƙofa har su gaji su tafi. Na'ura irin wannan in ta shekara a kashe, ba lalle ne ta sake tashi ba.

Ranar, tun kafin Zubairu ya kamo hanya, muka baro asibiti ni da Iliya da Sa'adu, Iliya ya shiga wurin shugaban cibiya. Akwai doka a rubuce cewa ba mai ɗora wa Giwa komai sai da takarda daga hedikwata. Shugaban ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Iliya, wallahi ina tausaya maka, amma ba ni da hurumi." Iliya ya ja farar takarda a kan teburin, ya rubuta cewa shi ya buɗe ɗakin da kansa ba da izinin kowa ba, duk abin da ya biyo baya a wuyansa. Ya sa hannu, ya ajiye masa, ya fita. Mutum ne mai mata da 'ya'ya biyar, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan.

Ya tayar da Giwa, sannan ya yi abin da har yau dangi suka rabu biyu a kansa. Mahaifinsu yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: ba a taɓa cikin Giwa sai an kwafe duk abin da ke cikinta a kaset an ajiye gefe. Kwafin nan awa biyu da rabi yake ci. Da Zubairu ya iso da faifansa, saura awa guda cur.

Zubairu ya ce, "Tsayar da shi mu ɗora."

Iliya ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai ya gama."

"Iliya, ƙanwarka ce fa take zubar da jini."

"Na sani, Yaya. Ni nake riƙe hannunta zuwa makaranta."

Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa musa wa wansa ba, ya zauna a kan kujera ya rufe madannai da hannuwansa biyu. Kiran Mudi yana shigowa daga asibiti duk bayan minti goma, ba mai iya ɗauka sai ni. Ni kaina na ce masa, "Iliya, ka ji tsoron Allah." Bai ɗago ba. Hawaye na zuba a bayan hannunsa, amma bai ɗauke hannun ba. Na yi jira iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba.

Kwafi ya gama, ya cire kaset ɗin ya ajiye, sannan ya karɓi faifan. Manhajar ta Zubairu ce, amma ɗora ta sai Iliya, domin shi kaɗai ya san halin Giwa: inda za a yanka wa baƙuwar wuri, da ƙofofin da za a buɗe mata, da waɗanda za a bari a rufe. An kai rabi ke nan aka ɗauke wuta. Kafin janareto ya karɓa, Giwa ta yi wani irin tari ta yi shiru. Da ya sake tayar da ita, sai ga kashi ɗaya cikin uku na sunayen sun zama shirme, ba kai ba gindi. Zubairu ya dafe kai. Iliya bai ce wa kowa "na faɗa muku" ba. Ya ɗauko kaset, ya mayar da abin da ya lalace, ya sake ɗorawa tun daga farko. Ana kiran la'asar manhajar ta hau, allo ya yi haske.

Kai Ɗanlami, na ga bakinka yana motsi. Riƙe hukuncinka tukuna, saura mutum ɗaya.

Na uku Sa'adu, auta. Ɗora manhaja daban, saita ta daban. Baƙuwa ce ta shigo gidan da ba ta sani ba, sai an nuna mata: nan suna yake farawa, nan yake ƙarewa, wannan gurbin na irin jini ne, wancan na unguwa. In aka kuskure gurbi ɗaya, za ta ba ka amsa gaba gaɗi, amma amsar ƙarya ce, kuma a harkar jini amsar ƙarya kisa ce. Saiti kuwa shi ne abincin Sa'adu, shi yake yi wa makarantu da shaguna. Ya zauna ya jera mata komai cikin minti ashirin. Ya gwada da sunan Iliya, ga shi ya fito da jininsa daidai. Ya gwada da nawa, ga ni. A lokacin ɗakin ya cika da ma'aikata, har shugaban cibiya ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa. Sa'adu ya yi bisimilla, ya tambayi Giwa masu irin jinin Sahura.

Ta yi gurnani kamar minti uku, ta ce babu ko ɗaya.

Zubairu ya zauna a ƙasa. Iliya ya juya ya fuskanci bango. Wani daga baya ya fara cewa sai haƙuri, haka Allah ya so. Sa'adu ne kaɗai bai ɗauke ido daga allo ba, domin can ƙasa akwai wani ɗan rubutu da ba wanda ya kula da shi: an tsallake mutum dubu uku da ɗari biyu, saboda gurbin sunansu ba komai. Waɗanda suka rubuta manhajar, a can ƙasashensu, sun ɗauka duk bayanin da ba suna a kansa lalatacce ne, don haka suka tsara ta ta riƙa wuce shi.

Da ya nuna wa Zubairu, sai ya ce, "Bar su, Auta. Kowace tsohuwar na'ura tana da irin wannan shara."

Sa'adu ya san ba shara ba ce. Shi ya yi jinyar mahaifiyarsu a ciwonta na ajali, kuma kun san uwa da auta, abin da ba za ta faɗa wa kowa ba shi take faɗa wa. Malama Saude mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Sunaye uku ne ba su taɓa fita daga bakinta ba: na mijinta, na surukarta, da na ɗanta na fari. Ashe abin da baki ya kasa, yatsa ma ya kasa. Duk sa'ad da mai ba da jini ya zo da ɗaya daga cikin sunayen nan, sai ta bar gurbin sunan fayau, ta je can gurbin ƙarshe na ƙarin bayani ta rubuta "mai sunan Malam", ko "mai sunan Iya", ko "mai sunan Babba". Manhajar kamfanin nan ta da ba ta damu ba, in kuma an zo nema ita ce a kan kujera, ta san kayanta. Shekara ashirin da wani abu tana haka. In Malam Isiyaku ya gane, bai taɓa nunawa ba. Ita ce akawun da ake kafa misali da ita, har takardar yabo aka rataye a bangon ɗakin mai cewa ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Kafin ta cika ta sa Sa'adu ya yi mata alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ta ce, "Kada a ce bayan raina na ci amanar aiki."

Sa'adu ya roƙi a ba shi minti ashirin ya sake saiti. Iliya ya ce, "Auta, tashi mu je mu same ta da rai." Hannunsa har ya kai kan makunni. Babu abin da zai tsayar da su sai gaskiya, in ma ya yi shiru, rubutun zai fito a allo kowa ya karanta. Sai ya miƙe a gaban shugaba da ma'aikata ya ce, "Ba lalacewa suka yi ba. Inna ce ta bar su haka." Ya faɗi komai. Da ya gama ya ce, "Inna, ki yafe mini," ya koma ya zauna.

Ya canja saitin. Ya umarci manhajar kada ta wuce kowa, in ta ga gurbin suna ba komai ta ɗauko abin da ke gurbin ƙarshe. Mutanen da aka tsallake suka fara gangarowa a allo. Mai sunan Malam, mai sunan Iya, mai sunan Babba, mai sunan Babba. Zubairu, wanda ya girma uwarsa ba ta taɓa kiransa ba, ba ta ko kallonsa a gaban mutane, ya tsaya yana kallon inda ta kasa rubuta sunansa sau ɗari tara da wani abu. Ya ja rigarsa ya rufe fuska, mu ma muka kau da kai.

Sa'adu ya sake tambaya. Wannan karon Giwa ta kawo mutum ɗaya tak. Mace ce, ta ba da jini shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana Lungun Majema, mai sunan Iya. Sunan kakarsu kuwa Rakiya. Iliya ya duba lambarta, ya ga tana cikin kashin nan da ɗaukewar wuta ta lalata, wanda ya mayar daga kaset.

Aka kira Mudi a waya, ya hau babur ya tafi wurin mai unguwar. Mai unguwa ya ce Rakiya uku gare shi, amma wadda aka taɓa gaya wa jininta na daban ne ita ce mai ɗinki a bayan masallaci. Aka same ta a kan keken ɗinki. Ba ta tambayi ko 'yar waye ba, ta ce a bari ta gaya wa maigidanta, shi kuma ya ɗauko ta da kansa. Rana ta yi ja aka shiga da Sahura. Mun idar da magariba ke nan likita ta fito ta ce ta tsira.

Amma maganarta ba ta tsaya nan ba. Ta ce don a ceci ran Sahura dole ta cire mata mahaifa, ba za ta sake haihuwa ba. Wani daga cikin dangi, irin masu bakin nan da ba sa duba wuri, ya tambaye ta ko da jinin ya zo da awa guda kafin haka da ba a kai ga cirewa ba. Likita ta ce Allah kaɗai ya san wannan. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, kuma Iliya yana tsaye yana ji.

Washegari takardar dakatarwa daga aiki ta same shi. Aka kuma rubuta rahoto a kan gurabun da aka bari, aka sauke takardar yabon Malama Saude daga bango. Sa'adu ne ya ɗauke ta ya kai gida, ya kife ta a ƙarƙashin akwati. Zubairu kuwa ya ce mini abu biyu sun hana shi sakat: da ƙanensa ya bi umarninsa da Rakiya ta ɓace har abada, kuma da bakinsa ya kira aikin hannun uwarsa shara.

Da Sahura ta farfaɗo aka ba ta labari, Mudi ya ce ya bar mata zaɓin sunan yaro, tunda ita ta je bakin kabari ta dawo. Ta ce da mace ta haifa da an huta, Rakiya ce. Tunda namiji ne, sunan ɗaya daga cikin 'yan'uwanta za a sa, wanda ya fi tsaya mata a ranar. Ta fara auna su ta kasa, ta fashe da kuka. Da tana da sauran haihuwa a gaba, da sai a bi su ɗaya bayan ɗaya kowa ya sami takwara. Ɗa ɗaya ne Allah ya ba ta, kuma liman suna ɗaya zai raɗa.

Su kuwa ba wanda ya buɗe baki ya ce a sa nasa. Duk wanda ka tambaya sai ya nuna ɗan'uwansa. Amma na ga yadda kowannensu yake ɗaukar jaririn nan, kada wanda ya ruɗe ku, kowa yana so. Duk wanda aka zaɓa kuma, sauran biyun za su riƙa jin sunan ana kira a tsakar gida har ƙarshen ransu, su san an auna nasu an ga bai kai ba.

Ga Zubairu. Ba don shekara shidan da ya yi yana aikin da muke yi masa dariya ba, da babu manhajar da za a ɗora, da kuma babu wanda zai amsa kiransa daga wata uwa duniya. Amma shi ne ya ce a tsayar da kwafi, shi ne kuma ya ce a bar mutum dubu uku.

Ga Iliya. Ba don shi ba da an daɗe da sayar da Giwa a kilo. Ya sa abincin 'ya'yansa a kan takarda ya sa hannu, ya saɓa wa wansa, ya saɓa mini, kuma kaset ɗinsa ne ya dawo da Rakiya. Amma awar nan guda tana nan, ba wanda zai iya cire masa ita daga zuciya, ba kuma wanda zai iya rantsewa cewa ba ita ta ci mahaifar ƙanwarsa ba.

Ga Sa'adu. Manhaja ta zo, ta hau, ta ce babu, kowa ya miƙe zai tafi. Shi kaɗai ya san inda mutanen suke, kuma bai same su ba sai da ya karya alkawarin da ya yi wa uwarsa a kan gadon mutuwa, ya tona ta a gaban waɗanda suke ganin girmanta. Amma shekara shida ke nan tun rasuwarta yana riƙe da sirrin nan, ya san akwai masu jini da ba za a iya nemo su ba, bai yi magana ba sai da abin ya zo kan 'yar'uwarsa.

Shekaranjiya Mudi ya zo ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Baffa, ita ta kasa, ni ma na kasa. Abin da ka ce shi za a yi." Kwana biyu ina juya maganar, duk wanda na ɗauka sai in ga fuskar sauran biyun. Jibi da safe ne suna, an riga an sayi goro, rago yana ɗaure.

To, ku gaya mini tsakaninku da Allah: sunan wane ne a cikin ukun nan ya fi cancanta a raɗa wa ɗan Sahura?